Asabar ɗin da Munzali Ya Soya Cuku

A layinmu na Gesse akwai al'adar da ba a wasa da ita, wato ciyayya. Da an idar da sallar Magariba kowane magidanci zai fito da kwanon gidansa, a haɗu ƙofar gidan Alhaji Riskuwa, dattijon layin, a baje a ci tare. Abincin kowa na kowa ne, amma wurin zama ba haka yake ba. Alhaji yana bisa darduma jingine da bango, kuma dardumar mutum biyu kawai take ɗauka. Sauran jama'a tabarma ce tasu, tana tafiya tana tsufa har ta kai inda ake tuɓe takalma. A can ƙarshen nake zama shekara tara ke nan, domin maiɗakina, Allah ya ƙara mata lafiya, irin tuwon da take tuƙawa in ya faɗo maka a ƙafa sai an nemo mai ɗori.

Da Munzali ya taso daga Gulma ya kama haya a layin, gefena aka ajiye shi. Ba shi da komai a Birnin Kebbi sai matarsa da aikin ofis da tsohon babur. Wata uku muna ƙirga takalman mutane tare, sai wata Asabar ya fito da wani kwano mai murfi. Da aka buɗe sai ga cukun madara soyayye, an yanka shi ƙanana, bayansa ja yana ƙaras-ƙaras, cikinsa fari mai laushi, ga miyar tarugu da albasa a ƙaramin kwano ta dangwalawa. Alhaji ya ɗauki ɗaya, ya dangwala, ya tauna ido a rufe. Sai ya daddaɓa dardumar gefensa da tafin hannu. Tun daga ranar Munzali ya bar zama kusa da takalmi, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini ciwo.

Kowa ya san aikin matarsa Rauda ne, 'yar Argungu, wadda ta koya wurin kakarta. Da Munzali ya yi shiru da ya ci arzikinsa lafiya. Amma shi bakinsa ba ya iya zaman banza. Ya ce ai shi ya koya mata. Ya ce ya yi shekara guda cikin Fulanin Dosso ta ƙasar Nijar yana bin shanu, har tsofaffin rugar suka riƙa turo masa 'ya'yansu mata ya gyara musu hannu. Ni kuwa na san iyakar tafiyarsa Kamba ce, ita ma rakiyar amarya ya je, ya dawo da zazzaɓi.

Shekara uku ana haka, duk Asabar da cuku, sai Rauda ta haihu, haihuwar fari, aka tafi da ita gida Argungu wankan jego. Asabar ta farko ba cuku. Ta biyu ma haka, sai burodi da Munzali ya sayo a bakin titi. Alhaji ya fara kallon gefensa kamar mai tunanin ko dardumar ta yi masa ƙunci.

Maliki ne ya sa wuta. Shi ne maƙwabcin Munzali ta gabas, ni ta yamma, kuma ya daɗe yana hangen dardumar nan. Ya goge hannu ya ce, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, abin mamaki ne a ce ɗaliba ta yi tafiya makaranta ta rufe alhali malam yana gari.

Munzali ya dire kofin ruwa. "Asabar mai zuwa ku zaka da yunwa. Wanda kuka ci shekara uku na ɗaliba na. Yanzu za ku ci na malam."

Alhaji ya ce Allah ya kai mu, ya ƙara da cewa darduma dai ta mai cuku ce. Kowa ya ji abin da yake nufi, har shi Munzalin.

Abin da ya faru ranar Asabar, rabi na gani da idona ta kan katanga, rabi daga bakinsa na ji daga baya, don shi ko abin kunya ne ba ya iya riƙewa muddin shi ne jarumin labarin.

Da sassafe ya ɗaure jarka a bayan babur ya nufi wata ruga kusa da Argungu, inda Rauda ke sayen madara wurin wata dattijuwa da ake kira Goggo. A hanya ya tsaya ya kira Rauda a waya, wai yana gaida mai jego. Bayan ya tambayi jariri, sai ya ce yana so ya gwada ta ne, ya ji ko ta manta karatun da ya ba ta: bayan an ɗora madara a wuta, me ake fara yi? Rauda, wadda labarin Dosso ya daɗe da zuwa kunnenta ta bakin matan layi, ta ce ai ba ta isa ta buɗe baki gaban malaminta ba, kuma ruwan wanka na hucewa. Ta kashe wayar.

A ruga Goggo ta cika masa jarka da madarar da aka tatsa a lokacin, da ɗuminta. Da ta ji shi zai yi cukun da kansa, sai ta dube shi sama da ƙasa, ta ce bari ta nuna masa yawan tumfafiyar da ake sawa, don ruwanta ne ke sa madara ta kama. Ta kai hannu za ta karyo ɗan reshe, Munzali ya tare ta. Ya ce shi da ya koyar a Dosso ba a ruga ɗaya za a yi masa bita ba. Ya ma ba ta shawarar ta riƙa wanke ƙwaryarta da ruwan zafi.

"Tau, Malam," in ji Goggo. "Kak ka dai bari ta sha rana."

Ya ce ya shina. Daga nan ya shiga cikin Argungu, ya jingine babur a tsakiyar rana gaban masu sayar da kifi, ya samu wani tsohon abokinsa, ya kwashe sa'a biyu yana ba shi labarin liyafar da zai yi da yamma. Gidan surukai kuwa ko layin bai bi ba, kada a tambaye shi abin da ke cikin jarka. Sannan ya kamo hanyar Birnin Kebbi a guje, jarka na tsalle a bayansa, duk ramin da ya gani sai ya faɗa.

Wajen azahar na ji shigowarsa. Tunda ba mace a gidan, na taka turmi na leƙa ta katanga na yi masa sannu da hanya. Na same shi tsugune yana juye jarka a babbar roba. Madarar da ta sha rana ta sha girgiza tun daga Argungu ta yi abin da kowace madara ke yi in an kaɗa ta: ta fitar da mai. Ga curi-curi nan fari-fari suna yawo a sama. Munzali ya tafa hannu ya ce in zo in ga ikon Allah, madara ta san hannun gwani, tun kafin a taɓa ta ta fara zama cuku da kanta.

Na ce masa ni dai wannan ya fi mini kama da man shanu. Ya ce shi ya sa nake zaune wurin takalma.

Ya hura gawayi, ya ɗora kasko, ya zuba man gyaɗa har rabi. Da mai ya yi zafi ya tsamo curin nan guda shida ya jera a ciki da yanga, yana karkata kai. Suka yi 'yar ƙara, suka yi kumfa, suka ɓace. Ya sa matsami ya laluba gabas, ya laluba yamma, ya ɗago babu komai. Ya sake zuba shida. Su ma suka bi 'yan'uwansu, mai kuwa sai ƙaruwa yake a kasko har ya kusa baki. Ya ɗago ya dube ni da zargi, kamar ni na miƙa hannu daga kan katanga na kwashe. Na nuna masa tafukana biyu.

Ya ce wannan gwajin wuta ne kawai, yanzu za a fara aikin. Ya ɗauki adda ya fita bayan gidaje inda tumfafiya ta yi daji. Abin da Goggo ta so nuna masa bai wuce tsawon yatsa ba. Munzali ya dawo da runguma guda, har ganye na rufe masa fuska. Ya zuba a turmin Rauda ya kirɓa, ya kwashe duka, ganye da sanda da ƙasa, ya antaya cikin tukunyar madara, ya ƙara gawayi ya yi ta fifita. Madara ta zama kore. Tana cikin zama kore ta taso gaba ɗaya ta kife a kan murhu, wuta ta mutu da wani irin huci, toka ta tashi ta rufe shi daga hula har gemu.

Abin da ya saura a gindin tukunya ya kama, ba laifi, in dai kamawa ce kawai ake nema. Wani abu ne kore-kore mai ruwa, mai warin ɗanyen ganye. Akuyar Maliki, wadda ta taɓa cinye mini rabin jarida, ta shigo ta shinshina wanda ya zube a ƙasa, ta yi atishawa ta fita.

Rauda takan zuba nata a ƙananan kwanduna ya tsane sosai, ta yanka, ta barbaɗa gishiri, sannan ya ga mai. Munzali ba shi da wannan lokacin, la'asar ta gabato. Ya sake hura wuta, ya bar man nan mai haɗe da man shanu ya yi zafi har yana hayaƙi, ya ɗebo abin nan da ludayi, ruwa na ɗiga, ya juye daga sama. Ni dai na ji ƙara, na ga harshen wuta ya wuce tsawon katanga, na faɗo daga kan turmi. Da na sake hawa, na tarar ya kifa faranti a kan kaskon, yana tsaye yana shafa fuska. Girarsa ta hagu ta tafi, da rabin gashin baki na wannan ɓangaren.

Na tambaye shi ko lafiya. Ya ce haka ake yi a Dosso.

Saura miya. Ya ce wannan kam ko barci yake zai iya. Ya zuba tarugu mudu guda da albasa a turmin nan da ya kirɓa tumfafiya, ko ɗauraya bai yi ba, ya jajjaga, ya juye a busasshiyar tukunya mai zafi kafin ya tuna da mai. Hayaƙin da ya tashi ba ya ganuwa sosai, amma ya zagaye layin kaf. Maiɗakina ta fara tari a ɗaki. Gidan gaba suka amsa. Mai shagon kan kwana ya rufe shago ya koma tsallaken titi, masu dawowa daga sallar la'asar suka riƙa wucewa da hula a hanci, ana tambayar ko wani gida ne ake ƙona taya. Har Alhaji Riskuwa na jiyo atishawarsa daga zaure, sau bakwai a jere. Wasu suka buga ƙofar Munzali, ya amsa daga ciki, murya a shaƙe, cewa kowa ya yi haƙuri, sirrin sana'a ne ba a buɗewa.

Da hayaƙi ya lafa na sake leƙawa, sai na ga ya zauna a bakin rijiya ya yi tagumi. A nan ne kawai na ji tausayinsa. Mutum ne da ba shi da dangi a garin nan in ban da taubashiya ɗaya, dardumar nan ita ce danginsa, ita ce ta sa in ya yi magana ake juyowa. Ga rana ta yi ƙasa, ga kasko baƙi ƙirin. Na kusa ce masa ya je ya faɗa wa Alhaji gaskiya, sai na ga ya ɗaga hanci yana shinshina iska ta gabas.

Zainabu matar Maliki awarar waken suya take soyawa kullum da yamma, ta sayarwa. Kuma taubashiyar Munzali ce, 'yar kawunsa, don haka ba a yi musu shamaki da magana ta katanga. Ya ja benci ya hau, ya rage murya, amma gidajen Gesse ba su da sirri.

"Zainabu, awara nika so. Dut wadda kis soya."

"A'a, ɗan Gulma, ina girarka ta tahi? Ko ta bi cukun?"

Ya ce ba wasa ya kawo shi ba. Ta ce ita ma ba wasa take ba, gwanin Dosso da waken suya ai sai a yi mata dariya. Ya roƙe ta da zumunci, ya roƙe ta da kabarin kakarsu. Ta ce za ta ba shi har da wadda ta ware wa gida, amma sai ya faɗi abu ɗaya da bakinsa, sau uku, yadda za ta ji: ban iya ba. Aka yi ta ja. Ya ce zai faɗi sau ɗaya. Ta ce kasko na jira. A ƙarshe na ji shi, ƙasa-ƙasa kamar mai karanta addu'ar shiga kasuwa, ya jero su uku. Sannan ya sa ta yi alkawarin ba za ta gaya wa Maliki ba.

"Bakina dai ba shi hwaɗi," in ji ta.

Bayan Magariba muka hallara, har da waɗanda ba su saba fitowa ba, don hayaƙin ɗazu ya yi wa liyafar shela. Munzali ya fito cikin babbar riga, ya turo hula gaba ta rufe inda gira take a da, ya zauna a darduma yana juyo mana ɓangaren da gashin baki ya saura. Ya ajiye kwanon Rauda mai murfi da ƙaramin kwanon miya. Kafin ya buɗe sai da ya yi mana jawabi a kan wahalar sana'a, da yadda wuta ke sanin mai ita.

Alhaji ya ɗauki ɗaya bai dangwala ba, ya tauna, ya daɗe yana taunawa. Ya ce ya yi ƙaras, ba laifi, sai dai shi kamar ɗanɗanon wake yake ji.

Munzali ko gezau. Ya ce Alhaji ya cika masani, ai shanun Goggo harawar wake suke ci a wannan watan, dole madara ta ɗauko. Ya ce a Dosso irin wannan sai manyan baƙi ake ba. Wasu suka gyaɗa kai, hannaye suka fara miƙowa. Ni na san gaskiya, amma na ga bala'in da ya sha, na kama bakina. Na ma fara tunanin zai tsira.

Sai ga Maliki, wanda ya makara, riƙe da ɗan kwano yana mita. Ya ce jama'a su yi masa uzuri, yau gidansa ba abin kirki, wai wani mayunwaci ya zo ya saye awarar Zainabu kaf har da ta bakin maigida, ta hana shi sanin ko wane ne. Ya buɗe kwanon. Abu ɗaya ne tak a ciki, rabin awara, an karya ta a karkace.

Ya zauna, ya kai hannu kwanon Munzali, sai hannun ya tsaya. Ya sunkuya ya duba da kyau. Zainabu da wani tsohon faranti mai zanen fure take danne awararta in tana tsanewa, don haka kowane yanki yana fitowa da ɗan sawun fure a bayansa. Maliki ya juya ɗaya, ya juya biyu. Ya tona can ƙasa ya zaro wani rabi, karyayye a karkace. Ya ɗauko na kwanonsa ya haɗa su a gaban fitila. Suka zauna daram, furen ya cika.

"Shekara goma sha ɗaya nika cin awarag ga," in ji Maliki a hankali. "Ko cikin duhu na shina ta. Ashe kai na mayunwacin."

Tabarma ta kaure da dariya tun daga kai har wurin takalma. Munzali ya miƙe tsaye. Ya ce wannan shaida ce a kan Zainabu, ba a kansa ba, domin ta daɗe tana leƙen sana'arsa ta katanga, har zanen furen ta sace. Garin nuna katangar da hannu hula ta zame baya, fitila ta haska gefen da ba gira ba gashin baki. Mai shagon kan kwana ya kwanta a ƙasa yana riƙe ciki.

Alhaji ne kawai bai yi dariya ba. Ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce ba a yanke hukunci sai an ji kowane ɓangare, kuma akwai kwano ɗaya da ba a taɓa ba. Ya ɗauki awara, ya dangwala a miyar Munzali, ya kai baki. Muka ga fuskar dattijo ta tattare wuri guda, ɗacin tumfafiya ya riƙe masa harshe, tarugu ya riƙe maƙogwaro. Hawaye suka zubo. Sai da ya sha ruwa kofi biyu kafin numfashinsa ya dawo.

"Miyag ga kam," ya ce, "na yarda taka ta."

Daga nan ya yanke magana. Ya ce shi bai canza ba, darduma ta mai cuku ce, kuma yau an san mai cuku. Tunda Rauda ba za ta zauna cikin maza ba, kwanonta zai zauna mata. Maliki, wanda har ya fara tattara riga zai matsa gaba, ya koma ya zauna. Munzali kuwa ya ɗauki hularsa ya bi tabarma yana tsallake ƙafafun mutane har ya iso inda nake. Na matsa masa, na ture wani silifa gefe.

Rauda ta gama arba'in ta dawo. Asabar ɗin farko Munzali ya fito da kwanon a hannu biyu, ya ajiye shi bisa darduma gefen Alhaji, ya gyara masa zama, ya dawo wurinmu. Kafin kwanon ya zagayo ƙarshen tabarma saura guda biyu da ɗan ɓurɓushi. Ya ɗauki ɗaya, ya miƙa mini ɗaya, ya tauna yana lumshe ido. Sannan ya matso kusa da kunnena ya ce in lura da yadda ya iso da zafinsa, miya ko ɗigo ba ta zuba ba, domin ɗauko kwano daga gida zuwa nan ba kowa ya iya ba.